Mafaka Ba Wurin Shaƙatawa Ba Ce

A wani littafin soyayya da ɗalibata ta ara mini, marubucin ya ce ango ya kai amaryarsa "mafakar Yankari" su huta. Na san inda ya yi tuntuɓe: kalmar Turanci resort ya nema a ƙamus. Ita kuwa daga tsohon Faransanci ta fito, asalinta komawa, shi ya sa take da fuska biyu: inda ake zuwa hutu, da abin da mutum ke koma wa in dabara ta ƙare. Hausa ba ta gama su ba.

Mafaka daga "fake" take, aka sa mata "ma-" na wuri, kamar masauki da mashaya. Ba a fakewa sai da abin gudu, ko ruwan sama, ko rana, ko maƙiyi. To, me ya koro amarya?

Mu a Kazage ba ma wasa da wannan kalma. Dajin Kamuku da ke nan ƙasar Birnin Gwari, a 1999 aka mai da shi gandun daji na ƙasa, baƙi su zo kallon giwaye. Daga baya ya zama mafakar 'yan bindiga, manomanmu kuma suka bar gonaki suna neman tasu mafakar a cikin gari. Wanda ya taɓa kwana a ajin makaranta da iyalinsa, in ya iso "mafakar Yankari", rufe littafin zai yi.

Malam marubuci, in za a sake bugu, a sa "wurin shaƙatawa".