Na'ura Ta Iya Karatu, Saura Ta Iya Hausa



Yau batunmu kan manhajojin nan ne da ake ba su rubutu su mayar da shi murya. Ba a koya musu nahawu. Tara musu muryoyin mutane ake yi tare da rubutun abin da suka faɗa, su yi ta kwatantawa har su iya kwaikwayo. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da irin wannan na harsuna sama da 1,100, har da Hausa, kuma akasari daga karatun littattafan addini ya samo muryoyin.

Amfaninsu a fili yake. Dattijon da ke Jama'a a ƙaramar hukumar Gwarzo, ko manomi a Kabo wanda bai yi boko ba, zai so wayarsa ta karanta masa saƙo ba sai ya nemo yaro ba. To amma mece ce za ta karanta masa?

Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Ku duba:

Kuka: na hawaye, na miya, da na "me kuka ce?"
Baƙi: launi, da waɗanda suka zo gidanka.
Bara: ɗan aiki da ra-kaɗe, roƙo da ra-gare, sai shekarar da ta wuce mai dogon wasali.

Bahaushe daga ma'anar jimla yake ganewa, ita kuwa na'ura canke take yi.

Inda abin ya fi muni shi ne "ya". A rubuta "Allah ya gafarta masa" a sanarwar rasuwa. In aka furta "ya" gajere da karin ƙasa, addu'a ce. In aka ja shi da karin sama, an ba da labari ke nan cewa an riga an gafarta masa. Wa ya san wannan in ba Allah ba?

Sai dai ba na'ura kaɗai ke da laifi ba. Mu ne muke rubuta "baki" muna nufin "baƙi", mu yar da alhamzar Jama'a ta koma "Jamaa". Abin da ka zuba mata shi za ta dafa maka.

Tun 1934 ƙamusun Bargery ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka ilimin yana nan. Masu haɗa manhaja su nemi masana harshe su sanya wa rubutun koyarwa waɗannan alamomi. Mu kuma mu riƙa rubuta ɓ, ɗ, ƙ da 'y yadda ya kamata. Sanarwar rasuwa ko ta shan magani kuwa, kada a tura wa jama'a sai Bahaushe ya saurara tukuna.

Wace kalma kuka taɓa ji na'ura ta kwafsa? Ku ajiye mana ita a ƙasa.