Jinjina ga Masu Kyamarar Layin Dogon Birtaniya

A 1949, shekara guda bayan gwamnatin Birtaniya ta karɓe jiragen ƙasa daga hannun kamfanoni, aka kafa sashen fim na British Transport Films, Edgar Anstey yana jan ragamarsa. Talla da horar da ma'aikata aka ɗora wa masu kyamarar sashen, amma aikin da suka yi ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Da shirin zamanantar da jiragen ƙasa na 1955 ya fara sallamar injinan kwal, na dizal da na lantarki suna maye gurbinsu, waɗannan mutane suna bakin layi da kyamara. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka girmama ɗan ƙwadago. A fim ɗin Snowdrift at Bleath Gill, jirgin kaya ne ƙanƙara ta binne a tsaunukan arewacin Ingila. Sai ga maza da shebur cikin tsananin sanyi, suna haƙa, suna kunna wuta don narkar da ƙanƙarar da ta riƙe injin, har ya motsa. A fim ɗin Terminus na 1961 kuwa, John Schlesinger ya bi yini guda a tashar Waterloo ba tare da mai sharhi ba, ya bar fuskokin matafiya da kukan yaron da ya ɓace suka yi magana.

Gaskiya hukuma ce ke biya, don haka zafin rufe layuka bayan rahoton Beeching na 1963 bai fito sosai a finafinansu ba. Duk da haka, da injin kwal ya yi tafiyarsa ta ƙarshe da fasinja a Agustan 1968, sun riga sun adana aikin masu tuƙa shi. Finafinan suna hannun Cibiyar Fim ta Birtaniya.