Kalmar "roman" da tsofaffin majami'un ƙauyukan Faransa

A shekara ta 1818 ne Charles de Gerville, wani mai binciken kayan tarihi a Normandi, ya laƙaba wa gine-ginen ƙarni na 11 da na 12 sunan "roman". Daga fannin harshe ya aro shi. A ganinsa, kamar yadda Latinanci ya gurɓace har ya haifi Faransanci da ƴan'uwansa, haka ginin Rumawa ya gurɓace a hannun magina. Arcisse de Caumont ya yaɗa kalmar, kuma daga baya aka kasa ginin zuwa "makarantu" na yankuna, tamkar karorin harshe.

Masana harshe sun daɗe da watsi da batun gurɓacewa, amma inuwarsa ba ta bar majami'ar ƙauye ba. Har yanzu mai ziyara yakan ɗauke ta kwaikwayo ne mara kyau na ginin manyan gidajen sufaye.

Mu ɗauki majami'ar Saint-Martin ta ƙauyen Chapaize, kusa da Cluny, a Burgoñ. An fara gina ta a farkon rabin ƙarni na 11, alhali babbar majami'ar Cluny ta uku sai a 1088 aka sa harsashinta. Ta yaya wanda ya riga zuwa zai kwaikwayi na baya? Ginshiƙanta kewayayyu ne masu kauri, da ƙananan duwatsu aka ɗora su, hasumiyar ƙararrawarta kuwa ta kai kimanin mita 35. Adon bangonta, wato jerin ƙananan baka tsakanin dogayen sandunan dutse, ana samunsa tun daga arewacin Italiya har Kataloniya, kamar yadda Puig i Cadafalch ya nuna a 1928. Ke nan wannan siffa ta ƙetare iyakokin "makarantun". Bugu da ƙari, rufin zaurenta an sake shi a ƙarni na 12, don haka suna ɗaya ba ya wadatar da gini ɗaya.

Batun bai tsaya ga suna ba. Bayan dokar 1905 da ta raba addini da gwamnati, majami'un ƙauyuka suna hannun ƙananan hukumomi, kuma tun 1914 Maurice Barrès ya koka da lalacewarsu. Ginin da aka ɗauka kwaikwayo ne, da wuya ƙaramar hukuma ta sa shi gaba in ana rabon kuɗin gyara. A ra'ayinmu, ya kamata a riƙe "roman" a matsayin sunan zamani kawai, a kuma nazarci kowace majami'a ta dutsenta, da maginanta, da gyare-gyaren da aka yi mata.