Wanke Kwano a Lokacin Yaƙi: Tsokaci a Kan Wani Littafin Thich Nhat Hanh

Littafin The Miracle of Mindfulness, wanda ya fito da Ingilishi a 1975, ya yi suna a matsayin jagoran samun natsuwa ga waɗanda hidimar duniya ta gajiyar. A ganina wannan fahimta ta tauye shi. Asalinsa doguwar wasiƙa ce da Thich Nhat Hanh, malamin addinin Buddha ɗan ƙasar Biyetnam, ya rubuta a 1974 daga Faransa, inda yake gudun hijira, zuwa ga wani ma'aikacin makarantar hidimar al'umma da ya kafa a ƙasarsa. Matasan wannan makaranta su ne ke sake gina ƙauyukan da bama-bamai suka rusa. Da yake sun ƙi mara wa kowane ɓangare baya, sai kowane ɓangare ya riƙa zarginsu. An sace wasunsu, an kashe wasu.

Wanda ya san haka zai karanta shahararren misalin wanke-wanke da wani ido daban. Marubucin ya tuno zamanin da yake sabon almajiri a gidan ibada na Tu Hieu, yana wanke kwanonin mutum fiye da ɗari, babu sabulu sai toka da ƙaiƙayin shinkafa da ɓawon kwakwa. Darasinsa shi ne mutum ya tattara hankalinsa ga kwanon da ke hannunsa, kada ya aika shi ga shayin da zai sha bayan ya gama. Ga mai karatun da ke zaune lafiya, wannan dabarar rage gajiya ce kawai. Ga saurayin da ya binne abokin aikinsa jiya, kuma zai koma ƙauyen gobe, hanya ce ta hana fushi da tsoro su karɓe ragamarsa. Ƙarfin salon yana cikin wannan kamewa: gajerun jimloli, kayan gida, numfashi, ɓaren lemo.

Sai dai wannan kamewar ita ce kuma rauninsa. Littafin bai bai wa yaƙin fili sosai ba, domin wanda aka rubuta wa ba ya bukatar a kwatanta masa shi. Da wasiƙar ta zama littafi ta shiga kasuwannin Amurka da Turai, sai ya zama da sauƙi a ɗebi atisayen numfashin a bar dalilinsa, har kamfanoni suka mayar da irin wannan horo hanyar ƙara wa ma'aikata juriya. Wani kaso na laifin yana wuyan rubutun, tun da ya bar ƙofar a buɗe. Amma da wuya a tuhumi mutumin da gudun rikici: kiran da ya yi a Amurka a 1966 na a tsagaita wuta shi ya jawo masa hijirar shekara 39, kuma shi Martin Luther King ya gabatar don kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1967. Bai sake taka ƙasarsa ba sai 2005, kuma a Tu Hieu ɗin nan ya rasu a 2022.