Awo Ba Hujja Ba Ne: Sharhi a Kan Koyar da Kusurwa da Alwatika a Ƙananan Makarantun Sakandare na Ƙasar Maska

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta yi sharhi a kan hanyar da aka saba bi wajen koyar da dangantakar kusurwoyi da siffofin alwatika a ajujuwa uku na ƙaramar sakandare. Na gina ta ne bisa abin da na gani da idona lokacin duba ɗalibanmu masu koyarwar gwaji a makarantun ƙasar Maska da maƙwabtanta, watau Bakori da Ɗanja har zuwa Malumfashi. Abin da nake ƙoƙarin nunawa shi ne, muna cika yara da sunaye da adadi, amma ba ma kai su ga dalili, alhali kuwa dalili shi ne ran ilmin handasa, wanda a makaranta ake kira jometiri.

Ya kamata mu tuna inda wannan hanya ta samo asali. A watan Janairu na 1977, a wani taro da aka yi a Benin, Gwamnatin Tarayya ta soke abin da ake kira lissafin zamani a makarantu. A wannan shekarar ce kuma aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta haifar da tsarin 6-3-3-4, aka fara ƙaramar sakandare a 1982. Manhajar da ta biyo baya ta raba aiki biyu: a ƙaramar sakandare yaro ya zana, ya auna, ya gwada, kafa hujja kuwa sai ya shiga babbar sakandare. Niyyar kyakkyawa ce. Yadda muka aiwatar da ita ne ke da abin gyara.

2.0 Abin da ke faruwa a aji

Wata rana na zauna a bayan wani aji biyu, a wata makaranta da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Maska. Ɗalibin malamin ya sa kowane yaro ya zana alwatika, ya auna kusurwoyinta uku da ma'aunin kusurwa, ya tara. Wani yaro ya ce ya sami digiri 178, wata yarinya ta ce 183. Malamin ya ce musu sun yi kuskure, su goge su rubuta 180. Suka goge, suka rubuta. Ba wanda ya tambayi daga ina malam ya san 180 ne daidai, tun da shi ma bai auna ba.

A nan akwai illa iri biyu. Ta farko, yaran ba su yi kuskure ba. Bakin fensir yana da kauri, ma'auni kuma ba ya nuna abin da ya gaza digiri ɗaya, saboda haka 178 sakamakon awo ne na gaskiya. Da aka sa su goge, abin da aka koya musu shi ne su yi watsi da abin da idonsu ya gani domin su dace da maganar babba. Ta biyu, ko da yara sittin sun sami 180 cif, alwatika sittin kurum aka auna, ka'idar kuwa tana magana ne a kan kowace alwatika, har da waɗanda ba a taɓa zanawa ba.

Haka batun yage kusurwoyin takarda a jera su bisa layi yake. Dabara ce mai kyau, ba na kushe ta, domin tana sa yaro ya yi zato mai ƙarfi. Amma idan malami ya rufe darasi da cewa "mun tabbatar", ya faɗi abin da ba haka yake ba. Gani aka yi, ba a tabbatar ba.

3.0 Matsalar kalmar "kusurwa"

Darasi da Turanci ake yin sa, amma da Hausa yaro yake tunani. A Hausar yau da kullum kusurwa wuri ce: kusurwar ɗaki, kusurwar gona. Abin da masu lissafi ke nufi kuwa shi ne yawan juyi ko buɗewa tsakanin layuka biyu. Wannan ne ya sa in ka zana kusurwoyi biyu masu girma ɗaya, ka tsawaita layukan ɗayar, yara da yawa za su ce ita ce babba, domin a ganinsu ta fi cin wuri. Yaron da ke da wannan fahimta, haddar sunayen kusurwoyi ba za ta amfane shi ba.

Maganin wannan ba a fassarar kalma yake ba, a misali yake. Mukan ce mun fuskanci gabas in za mu yi salla, amma daga Funtuwa alƙibla ta karkata arewa da gabas ɗin da wajen digiri 22. Ga kusurwa nan wadda ba ta da bango, ba ta da lungu, juyin jiki ne kawai. Buɗe ƙyaure ma haka ne: ƙyauren rumbu da na zaure suna iya buɗewa daidai da juna ko da yake tsawonsu ya bambanta. Da irin waɗannan ya kamata a fara kafin a ɗauko ma'auni.

4.0 Hujjar da ke cikin gona

Sau da yawa akan ce yaran ƙaramar sakandare ba su isa bin hujja ba. Masu wannan ra'ayi sukan kafa dalili da aikin Pierre van Hiele da matarsa Dina, mutanen Holan, waɗanda a 1957 suka nuna cewa yaro yakan bi matakai: ya fara gane siffa da gani, sa'an nan ya san halayenta, sa'an nan ya iya danganta wannan hali da wancan, kafin ya kai ga cikakkiyar hujja. Na yarda da matakan. Sai dai su masanan ba su ce a zauna ana jiran shekaru ba. Cewa suka yi koyarwa ce ke ɗaga yaro daga mataki zuwa mataki. Mu kuwa mukan bar shi a na farko shekara uku, sa'an nan mu jefa shi a na huɗu rana ɗaya, mu kuma yi mamakin yadda ya tsani lissafi.

A ƙasar noma kamar tamu tsanin hawan yana kusa. Duk yaron da ya taɓa bin garmar shanu ya san kunyoyi suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba sa haɗuwa. Ya kuma san turbar da ta ratsa gona a karkace, in dai miƙaƙƙiya ce, da karkata iri ɗaya take yanka kowace kunya. Wannan ita ce dukan maganar layuka masu jeruwa da layin da ya ratsa su. To, sai a zana alwatika, gindinta ya kwanta bisa kunya ɗaya, ƙoƙuwarta ta taɓa wata kunyar. Gefunanta biyu sun zama turba biyu. Kusurwar gindi ta hagu daidai take da wadda ke hagun ƙoƙuwa, tsakanin gefen da kunyar sama. Haka ta dama. Ashe ke nan kusurwoyin uku sun taru a wuri ɗaya bisa miƙaƙƙen layi, watau digiri 180. Ba a auna kome ba, kuma maganar ta hau kan kowace alwatika da aka zana a shimfiɗaɗɗen wuri.

Wannan hujja ba sabuwa ba ce. Asalinta yana cikin littafin Yukilid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, da ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), mas'ala ta 32 a kashin farko ta jingina ne ga ta 29, mai magana a kan layuka masu jeruwa. An fassara littafin zuwa Larabci tun zamanin Haruna Rashid. Mu ma ba baƙin lissafi ba ne: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, malami Bakatsine da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hatimai na adadi wanda masana ke ambata har yau. Bai kamata mu raina hankalin jikokinsa ba.

5.0 Halin alwatika da aka manta

Akwai hali ɗaya na alwatika da ya fi kowanne amfani a rayuwa, amma ban cika jin an taɓo shi a aji ba, watau rashin motsuwarta. Ka ɗaure kara huɗu ka yi murabba'i, da ka tura sai ya karkace. Ka ɗaure uku, ba inda za su. Dalili kuwa, in an tsai da tsawon gefuna uku, kusurwoyin ba su da zaɓi. Kafintan da ke buga katako a gicciye jikin ƙyaure ko ɗaurin rufin kwano, da wannan ka'ida yake aiki. Maginin da ke fitar da harsashi da igiya mai awon uku, huɗu, biyar domin ya sami sukwaya, shi ma haka. Yaro yana wuce waɗannan mutane kullum a hanyar makaranta, amma darasinsa bai taɓa haɗa shi da su ba.

Daɗin daɗawa, kara ba ya cin kuɗi. Bayan girbi ko'ina akwai shi. A ba yara kara mai tsawon taƙi biyu, da mai uku, da mai shida, a ce su haɗa alwatika. Za su kasa. Daga kasawar za su gano da kansu cewa dole tsawon gefuna biyu in an tara ya zarce na ukun.

6.0 Kammalawa

Ban manta da halin da malami yake ciki ba: aji cike, kayan aiki kaɗan, jarrabawa kuma amsa take nema ba dalili ba. Amma ba malamin ƙauye nake ɗora wa laifi ba. Ɗalibin nan da ya sa aka goge 178, mu muka horar da shi a kwalejin ilmi, kuma yadda muka koya masa haka ya koyar. Don haka nake ba da shawara uku. Na farko, a fara kusurwa da juyi kafin awo. Na biyu, a bar yara su rubuta abin da suka auna a allo ba gyara, a mai da saɓanin adadin ya zama ƙofar tambaya. Na uku, kada ɗalibin lissafi ya fita koyarwar gwaji sai ya iya bayyana hujjar digiri 180 da Hausa, ba littafi a hannunsa. Wanda ya iya faɗin ta da harshen gida, shi ne ya fahimce ta.