Kalisto, Beyar Ɗin Da Aka Hana Wanka

Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida da bazara, lokacin da zafi ya koro kowa daga ɗaka kuma aka ɗauke wuta a unguwa, ya ga taurarin nan bakwai ko da bai san sunansu ba. A ƙarshen Afrilu, bayan sallar isha'i, ka fuskanci arewa ka ɗaga kai kamar rabin tazarar da ke tsakanin ƙasa da tsakiyar sama. Huɗu sun yi kusurwa huɗu, uku sun biyo su a ɗan lanƙwashe, kamar an kife ludayi. Amurkawa ma ludayin suke gani. Mutanen Ingila garma suke cewa. Mutanen Babila sun ga amalanke, Romawa suka ga shanun huɗa bakwai. Buzaye na ganin taguwa. Larabawan da kuwa makara suka gani, da 'yan mata uku na bin gawar mahaifinsu, suka kira su Banatu Na'ash.

Girkawa sun haɗa bakwai ɗin da wasu taurari marasa haske sosai da ke kewaye, suka ce Arktos, wato beyar, dabbar nan mai kauri da gashi da farata wadda ba mu da ita a dajinmu. Daga wannan kalma aka samo sunan yankin ƙanƙara na can ƙuryar arewa, Aktik. Ga dai kura a gida, ga zaki, amma sunan da ya zauna a littattafan ilimin taurari na duniya shi ne na Girkawa: Babbar Beyar, ta uku a girma cikin rukunoni 88 da ƙungiyar masana taurari ta duniya ta amince da su a 1922.

Ba sunan ne ya fi jan hankalina ba, al'adar da ke bayansa ce. Girkawan da suna da wani nau'in labari da suke kira katasterismos, ma'ana ajiye wani a cikin taurari. Tsarinsa kusan ɗaya ne kullum: mutum ko dabba ko wani abu ya shiga wani hali a doron ƙasa, sai ɗaya daga cikin allolin da suke bauta wa ya ɗauke shi ya kafa a sama, don sakayya ko don tunawa. Littafin da ya tattara irin waɗannan labarai ana jingina shi ga Eratostenis, mutumin Sirene ta ƙasar Libiya ta yau, wanda ya shugabanci ɗakin karatu na Iskandariyya a ƙarni na 3 kafin Miladiyya. Abin da ya iso mana taƙaitawa ce da wani ya yi daga baya, amma tsarin na nan: ga rukuni, ga labarinsa, ga adadin taurarinsa da inda kowanne yake a jikin siffar, ɗaya a kafaɗa, biyu a ƙafa.

Labarin Beyar ya fi cika a hannun Obid, mawaƙin Rum, a littafi na biyu na Metamofosis da ya kammala wajen shekara ta 8 Miladiyya. Shi da sunayen Romawa ya yi amfani, ni zan bar na Girkawa. Kalisto 'yar Likawon ce, sarkin Arkadiya. Ta shiga ayarin Atemis, allahiyar farauta, wadda sharaɗin bin ta shi ne budurwa ta zauna ba namiji. Wata rana da tsakar rana ta kwanta hutawa a kurmi, ta yi matashi da kwarinta, sai Ziyus, shugaban allolinsu, ya hango ta. Ya rikiɗa ya ɗauki kamannin Atemis kanta, yarinya ta tashi ta gaishe da uwar ɗakinta, kafin ta farga ya fi ƙarfinta. Obid bai ɓoye cewa ta yi kokawa ba. Bayan wata tara ayari ya iso wani rafi mai sanyi, Atemis ta ce kowa ta tuɓe a yi wanka. Kalisto ta yi ta nuƙu-nuƙu, sauran suka cire mata riga, ciki ya bayyana. Nan take aka kore ta, wai kada ta ƙazantar da ruwan.

Ta haifi ɗa, Arkas. Sai uwargidan Ziyus, Hera, ta zo. Ta damƙi gashin goshinta ta fyaɗa ta da ƙasa, hannayen da ta ɗaga tana roƙo suka tsiro baƙin gashi, yatsu suka zama farata, aka karɓe mata murya don kada ta yi magiya wani ya ji tausayi. Hankalinta kaɗai aka bar mata. A nan Obid ya nuna gwanintarsa: mafarauciya ta koma gudun karnuka, tana ganin beyar ta ɓuya don ta manta ita ma beyar ce, tana tsoron kyarketai alhali mahaifinta na cikinsu, domin shi ma tuni Ziyus ya mai da shi kyarkeci. Arkas ya kai kimanin shekara 15, ya fita farauta, ya yi kiciɓis da ita. Ta tsaya ta ƙura masa ido, ta gane shi. Shi bai gane ta ba, ya ɗaga mashi. Kafin ya sake shi Ziyus ya kwashe su biyu ya kafa a sama, uwa ta zama Beyar, ɗa ya zama mai tsaronta. Tauraron nan mai haske jaja-jaja da za ka tarar in ka bi lanƙwasar wutsiyar, Arkturus, ma'anar sunansa ke nan: mai gadin beyar.

Wanda ya tashi da tatsuniya zai ji ƙamshin gida a nan, domin mu ma muna da labaran da ke ƙarewa da "shi ya sa har yau". Amma akwai bambanci babba. Mai tatsuniya na buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, ta rufe da ƙurungus, kowa ya san wasa aka yi. Labarin Kalisto a ɗaure yake da ƙasa da nasaba da wurin bauta. Mutanen Arkadiya sun ɗauki Arkas kakansu, daga sunansa suka ce ƙasar ta samo suna. Pausaniyas, wanda ya zaga Girka yana rubuta abin da ya gani a ƙarni na 2 Miladiyya, an nuna masa wani tudu mai itatuwa aka ce kabarin Kalisto ne, a samansa kuma akwai wurin bautar Atemis mai laƙabin Kaliste, wato mafi kyau. Sunan baiwa da laƙabin uwar ɗaki kusan ɗaya, abin da ya sa masana da dama ke ganin asali Kalisto wata fuska ce ta Atemis ɗin kanta. A Biraron, kusa da Atina, a wancan zamanin ana kai ƙananan 'yan mata su yi wa Atemis hidima kafin aure, ana kiran su beyar. Ashe beyar da budurci da Atemis sun daɗe a ƙulle tun kafin wani ya ɗaga kai ya haɗa su da sama.

Nan ne nake ganin gaskiyar wannan nau'in labari take. Tauraro daban ya zo, labari daban ya zo, daga baya aka ɗaura musu aure. Homa, wanda ake sa zamaninsa wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya, ya ambaci Beyar a waƙoƙinsa Iliyad da Odisi, har ya ce ana kuma kiran ta amalanke, amma bai ce uffan game da Kalisto a wurin ba. Shaida ta biyu ita ce yadda masu ba da labarin suka kasa daidaita baki. A ruwayar da ake jingina wa Hesiyod, Atemis ce ta mai da ita dabba don fushi. A wata, Ziyus ne da kansa, don ya ɓoye ta daga matarsa, sai Hera ta zuga Atemis ta harbe ta. Aratus kuwa, a waƙarsa ta taurari ta ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya kauce wa Kalisto gaba ɗaya, ya ce Babba da Ƙaramar Beyar su ne suka yi renon Ziyus yana jariri a wani kogo a tsibirin Kirit. Ɗan gadin ma ba a tsaya a kansa ba, wasu sun mai da Arkas Ƙaramar Beyar. Ƙarshe ɗaya ne ba ya motsi, dole a tashi da beyar a arewa. Sauran duk ɗinki ne, kowane tela da yankansa.

Ɗinkin ma bai rufe ko'ina ba. Beyar ta gaske guntuwar wutsiya gare ta, ta sama kuwa taurari uku ne zar. Wani Bature, Thomas Hood, a ƙarshen ƙarni na 16, ya ce ai da wutsiya Ziyus ya jawo ta sama don tsoron haƙoranta, nauyinta ya sa ta miƙe. Raha ce, amma aikin da ya yi shi ne ainihin aikin da magabatansa suka yi: a ga abu a sama, a nemo masa dalili a ƙasa.

Akwai ma lokacin da aka kama masu sana'ar hannu dumu-dumu. Wajen shekara ta 245 kafin Miladiyya, sarauniya Berenike ta Masar ta yanke gashinta ta ajiye a wurin bauta don cika alwashin da ta yi in mijinta, Batlamus na Uku, ya dawo lafiya daga yaƙin Siriya. Gashi ya ɓata. Masanin taurarin fada, Konon, ya nuna wasu 'yan taurari dishi-dishi a ƙarƙashin wutsiyar Beyar, ya ce ga shi can an ɗauke shi sama. Mawaƙi Kalimakus ya yi waƙa a kai. Maroƙin fada bai fi haka ba, sai dai wannan kirari ya yi ƙarko, don har gobe sunan rukunin Gashin Berenike.

Game da sakayyar da ake cewa an yi wa Kalisto, ban gamsu ba. An yaudare ta, an kore ta, an ƙwace mata siffa da murya da ɗa, wanda ya jawo komai ko ƙwarzane bai samu ba. Kishiya ta huce a kan wadda ba ta da ƙarfi, tun da ba ta iya taɓa maigida. Ɗaukar ta zuwa sama bai maido mata da komai ba, a siffar dabba aka kafe ta. Wannan nau'in labari ya iya mai da zalunci ado, ya sa mai sauraro ya tashi yana sha'awar haske ya manta da kokawar cikin kurmi. Har masana taurarin baya sun ƙara gishiri: daga cikin watanni huɗun da Galileyo ya hango a 1610 suna zagaya duniyar Mushtari, wato duniyar da Romawa suka sa wa sunan Ziyus ɗinsu, ɗaya sunansa Kalisto, yana ta kewaya ta.

Saura wanka. Da Hera ta ga kishiya na walƙiya a sama, sai ta tafi wurin Tetis da Okiyanus, masu mulkin tekun da Girkawa suka ɗauka ya kewaye duniya, waɗanda su suka rene ta. Ta roƙe su kada su bar Beyar ta taɓa ruwansu. Suka amsa. Obid ya rufe da'irar da kyau, wadda aka kora daga rafi an kuma hana ta teku. Amma abin da ke ƙarƙashin wannan ƙulli lura ce ta matuƙan jirgin ruwa. A sararin Girka duk taurari na fitowa gabas su nutse a teku ta yamma, ban da na kusa da ƙusar arewa, wato wurin da sama ke juyawa a kansa, waɗanda ke zagaye ba sa faɗuwa. Homa ya riga ya faɗi cewa Beyar ba ta da rabo a wankan teku, kuma da ita Odisiyus, gwarzon Odisi, ya riƙa saita kwale-kwalensa, yana ajiye ta a hannun hagu don ya nufi gabas. Homa ya ce ita kaɗai ce haka, abin da ba daidai ba ne, har Aristotal ya nema masa uzuri cewa yana nufin ita ce aka fi sani. Aratus ya ƙara da cewa Girkawa da Babba suke tuƙi, Finikiyawa kuwa da Ƙarama, kuma tasu ta fi daidai don zagayenta ya fi matsewa.

Lissafin ba wuya. Tauraro ba ya faɗuwa in tazararsa daga ƙusar arewa ba ta kai yawan digirin da garinku yake a arewa da tsakiyar duniya ba. Atina na kan digiri 38. A zamanin Homa duk bakwai ɗin na cikin wannan da'ira. Sai dai sandar da duniya ke juyawa a kai tana layi a hankali, zagaye ɗaya cikin kimanin shekara 26,000, abin da Hifarkus ya gano a ƙarni na 2 kafin Miladiyya. Yau tauraron bakin wutsiya, Alka'id, wanda sunansa na Larabci ke nufin jagoran masu bin makara, yana digiri 41 daga ƙusa. Ke nan a Atina kanta, wutsiyar Kalisto ta fara tsoma ruwa.

Kano kuwa na kan digiri 12. Tauraron arewa a wurinmu bai fi tsayin dunƙulen hannu da 'yan kai ba daga ƙasa in ka miƙe hannunka, ƙurar hunturu ma kan shafe shi. Mafi kusa da shi cikin bakwai ɗin, Dubhe, daga kalmar Larabci ta beyar, yana digiri 28. Babu ko ɗaya da dokar Hera ta hau kansa. Fita tsakar gida a tsakiyar Nuwamba bayan isha'i ka duba arewa, ba za ka ga ko guda ba, duk sun nutse. Can bayan sha biyun dare biyun gaba za su leƙo ta arewa maso gabas, sauran su biyo ɗaya bayan ɗaya, kafin ladan ya yi kiran assalatu ta gama fitowa tsaf, tsaye a kan wutsiyarta.