Masu Koya wa Karen Tsere Zaman Gida

A watan Nuwamban 2018 mutanen jihar Filorida ta Amurka suka kaɗa ƙuri'ar hana caca a kan tseren karnuka, kuma zuwa ƙarshen 2020 aka daina tseren a jihar baki ɗaya. Dubban karnuka suka wayi gari ba aikin yi. Irin da Turawa ke kira greyhound ne, dogo siriri, mai zurfin ƙirji da shafaffen ciki, ƙirar da duk wanda ya taɓa bin 'yan farauta daji zai gane. Gudunsa kan kai kilomita 70 a awa. Yawanci yana barin fili yana ɗan shekara 2 zuwa 5, alhali yana iya kaiwa 12 a duniya. To, sauran shekarun a ina zai yi su?

Nan masu riƙo suka shigo, wato 'yan sa-kai da ke karɓar kare su zauna da shi na wani lokaci kafin a miƙa shi ga gidan dindindin. Aikin ba sabo ba ne, don a Ingila ƙungiyar Greyhound Trust tana yin irinsa tun 1975. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su kuwa waɗannan bayin Allah busasshe ake kawo musu, kuma ba sa karya shi.

Karen ya girma, amma bai san gida ba. Daga keji sai fili, daga fili sai keji. Bai taɓa hawa matakala ba, saboda haka mai riƙo zai tsaya a bayansa, ya ɗaga masa ƙafa ɗaya ya ɗora, ya ɗaga ta biyu, mataki bayan mataki, yau da gobe, har ranar da zai haura da kansa. Ƙofar gilashi a wurinsa sarari ce, sai an manna mata takarda daidai idonsa, in ba haka ba ya kwasa da gudu ya yi karo. Santsin tayil kan sa ya ƙame a tsakiyar ɗaki. Gwani ba ya jan igiya a nan, shimfiɗa yake yi masa ya jira.

Wannan jiran shi ne ya fi burge ni. Sabon shiga yana ɗokin rungumar kare da kiran maƙwabta su zo gani. Gwani kuwa a kwanakin farko kamar bai damu da shi ba. Yana ba shi abinci a kan lokaci, ya fita da shi bayan gida a kan lokaci, domin a filin tsere da tsari ya saba, kuma tsarin ne ke kwantar masa da hankali. Yana lura da hammar da ba ta barci ba, da lasar leɓe, da kau da kai, ya san cewa a takure yake. Ba ya taɓa shi yana barci sai ya kira sunansa daga nesa, don karen da ya saba kwana shi kaɗai a keji yana iya zabura ya kai cizo kafin ya farka sosai. Wanda bai sani ba sai ya ce mugun kare ne, ya mayar da shi.

Sai batun kyanwa. An horar da karen a kan bin zomon inji, don haka duk ƙaramin abu mai gudu abin kamu ne. Ana sa masa takunkumi, a riƙe igiya, a shigo da kyanwa a gani. Idan ya kalla ya kau da kai, da sauƙi. Idan ya ƙura ido, jiki na tsuma, ko an kira shi bai ji ba, to ba za a kai shi gida mai kyanwa ba, komai nacin masu gidan. Abin wuyansa ma na musamman ne, mai tsukewa kaɗan idan ya ja, saboda kansa bai fi wuyansa kauri ba, na yau da kullum sai ya zame. Sharaɗin da ƙungiyoyi da yawa ke sa mai ɗauka ya sa hannu a kai shi ne ba zai kwance masa igiya ba sai a wuri mai shinge.